Baba a Bayan Zanar Aji

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa kowa zai koma. Surukina ya riga mu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar girbin gero. Ya sha kununsa, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ya kishingiɗa, shi ke nan. Doguwar jinyar da muka yi ta jin tsoro tun da tarin nan ya kama shi, Allah bai kai mu gare ta ba. Ko ƙanwarsa, gwaggon maigidana, wadda ta shigo gidan da kururuwa har liman ya aiko a ce ta yi shiru, da ta huce sai ta share ido ta ce, "Alhamdu lillahi, bai kwanta ana juya shi ba. Irin tafiyar da ya roƙa ke nan."

An yi jama'a. Arɗon rugar da ke arewa da mu, abokinsa tun suna yara, ya tako da ƙafa, ya zauna a ƙofar zaure, ya ƙi cin komai. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "To ni yanzu wa zan yi wa tsiya?" Direktan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ya jero yara suka zo gaisuwa, ƙananan cikinsu suna ta leƙen cikin gida ko za su hango shi. A tsakar gida kuwa, mata na cikin kuka, wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, mai bayan zana!" Sai dariya ta kuɓuce wa mutane, hawaye na zuba ana dariya.

Ni ban yi dariyar ba. Ranar sadakar uku Yaya, wan maigidana, wanda gida ya koma hannunsa, ya tsayar da ƙanensa a bakin zaure, ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa: "Ka gaya wa matarka zancen lakwal ya ƙare. Mai rufa mata asiri ya tafi." Ni ce madam ɗin ƙananan aji a garin nan. Aikin da na iya ke nan, kuma ina son abina. Yanzu da hankalina ya kwanta ne nake iya zama in rubuta wannan don kada a manta da tsohon nan, amma a kwanakin makokin, da baƙin ciki biyu nake yini.

Sai na koma baya kafin a gane abin da ya haɗa aikina da surukina.

Ni 'yar Magarya ce. Aiki ya kawo ni wannan ƙauye na ƙasar Dogo-Dogo, aure ya zaunar da ni. A gidanmu an yi mini tarbiyya: mace ba ta kama sunan uban mijinta, ko da wani ne daban yake ɗauke da sunan. Ɗana ma da aka mayar masa da sunan, Abba nake ce masa. Da a ce sunan Baba ɓoyayye ne da da sauƙi. Ina! Irin sunan nan ne da in ka kira shi a kasuwar Dungas mutum goma za su waiwayo. Allah dai ya taimake ni ba da shi ake kiran garin ba, da ko ɗan kabu-kabu ban san yadda zan gaya masa inda zai sauke ni ba.

A aji kuwa sunan nan ya hana ni sakat. Lakwal ɗinmu na cikin waɗanda ake fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo, saboda haka littattafan cike suke da sunayenmu na gida. Wajen kiran suna da safe ina da Mai sunan Baba babba, da Mai sunan Baba ƙarami, da Mai sunan Baba na ruga. A littafin karatu ga hoton yaro da jaki, ga sunan a ƙasa. A kalkil, wato lissafi, duk mai awakin da za a tara masa ko a ɗebe masa, shi ne. Sai in nuna da sanda in ce, "Mai sunan Baba." Su kuwa yara, abin da Madam ta faɗa shi ne abin da ke rubuce. Yaron da ya iya haɗa ja da ki ya karanta jaki, in ya iso kan ɗan guntun sunan nan sai ya buɗe baki ya karanto kalma uku. Na taɓa gwada sa wani yaro ya faɗa a madadina. Ya faɗa, da aka fita hutu 'yan ajin suka taru suka lakaɗa masa duka, wai ya zagi Baban Madam. Ban sake ba.

Inda abin ya fi muni shi ne tarihin gari, wanda 'yan aji uku suke yi. Labari ne da kowane tsoho ya sani. A wata shekarar yunwa mutum biyu suka haɗu a gindin wani gawo, ɗaya manomi da hauya a kafaɗa, ɗaya makiyayi da 'yan shanun da suka rage masa. Suka ga ƙasar wurin da danshi, suka haƙa rijiya tare, manomin a ciki, makiyayin yana jan ƙasa da bijiminsa. Suka yi alkawari: ruwan safe na gidaje, na rana na dabbobi, in an gama girbi shanu su shiga gonaki su ci kara su bar taki. Makiyayin kakan Arɗo ne. Manomin kakan Baba ne, kuma sunansa aka mayar wa Baba.

Wata rana konseye ya zo daga Dungas, wato mai zagayen duba aikin malamai. Ya ji karatu, ya ga kalkil, ya gyaɗa kai. Sai ya tambayi yara su wa suka kafa garin nan. Sunan makiyayin ya fito tar daga bakinsu.

"Madalla. Na biyun fa?"

Aji duka, da murya ɗaya: "Mai sunan Baba!"

"Baban wa?"

Can wata 'yar ruga ta ɗaga yatsa ta ce, "Baban Madam, Mushe," don haka yaranmu suke kiran malami namiji.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Konseye bai yi mini faɗa a gaban yara ba, amma ya bar wa direkta saƙo: ko a gyara, ko a ba wani ajin.

Kafin ranar kasuwar Dogo-Dogo labari ya riga ya zaga. Arɗo ya hango Baba a rumfar masu goro, ya ɗaga sanda ya ce, "Sannu da zuwa, jikan Mai sunan Baba! Ni dai kakana yara sun san shi." Baba ya dawo gida, tuwon da na aika masa ya dawo yadda ya tafi. Washegari ya aiko maigidana da tambaya ɗaya: wace rana Madam take yin tarihin nan, kuma da wane lokaci?

Ajina rumfar kara ce, kowace shekara sai an gama girbi ake kafa ta, a kewaye da zana. Ranar tarihin na fara labari, na zo kan gawo, na zo kan rijiya, na faɗi sunan makiyayi, sai na tsaya. Muka ji gyaran murya daga bayan zana. Sannan aka kira sunan, da ƙarfi, yadda ake kiran mutum daga wata gona.

Yara suka zabura, wasu suka yo kaina da gudu.

"Ku maimaita, 'yan banza!" in ji muryar. "Sunan kakana ne, ba dodo ba ne."

Suka maimaita. Ya sa su suka sake, suka sake, sannan ya ce, "To, ku ce wa Madam ɗinku ta ci gaba."

Daga ranar aka samu tsari, ba tare da ni da shi mun taɓa zama mun tsara ba. Bai taɓa shigowa ajin ba, wai suruki ba ya zama a gaban matar ɗansa tana aiki. Wurinsa ɗaya ne, gindin zana ta yamma inda inuwar safe take, da buzunsa da wuƙarsa da ƙullin goro. In na iso kan sunan, a karatu ne ko kalkil ko tarihi, sai in ƙwanƙwasa tabulo, wato allon aji, da sanda, shi ya faɗa, yara su amsa. Wata rana gyangyaɗi ya ɗauke shi, na ƙwanƙwasa har hannuna ya gaji, sai yaran suka haɗa baki, "Baba, Madam ta ƙwanƙwasa!" Ya farka ya ce, "Na ji. Ina duba ko kun iya ne."

Shi mutum ne da ba ya iya zama hannunsa ba ya komai. Ya lura yara na fama da tsakuwa wajen ƙirga, sai ya riƙa yanka sillen kara gajeru-gajeru, yana ɗaurewa goma-goma da kaba, yana turo su ta wata kafa a jikin zanar. Da su 'yan ajina suka gane mene ne goma, mene ne ɗai-ɗai. In aka ce a ɗebe bakwai daga ashirin da uku, dole a kwance ɗauri ɗaya, yara kuwa ba sa son kwancewa, don ɗaurin Baba da kyau yake. Wata yarinya har kuka ta yi a kan nata. Sai ya ce ta cikin zanar, "Kwance abinki, uwata. Wanda ya ɗaure yana nan bai je ko'ina ba." Yaran ruga da ke zuwa daga nesa kuwa, shi yake ajiye musu nasu a jakarsa, don in sun tafi da su gida maruƙa ke cinyewa.

Da littafin kalkil dai ba su taɓa shiri ba. Ranar nan na ƙwanƙwasa, ya faɗi sunan, na ci gaba da karantawa: yana da awaki goma sha uku, ya sayar da biyar, saura nawa?

"Ban sayar ba!"

Aji ya kaure da dariya.

"Ku gaya wa Baba littafi ne ya ce," na ce wa yara.

"Ku tambayi Madam, wa ya gani? Da wane wata ma aka sayar? In da bazara ne, suna ƙashi da fata, wannan mai sunan nawa wawa ne."

"Ku ce masa da kaka ne."

"To, da sauƙi. Saura takwas. Amma ku lissafa da karanku, kada ku ce ni na gaya muku."

"Wa ya gani?" ita ce maganarsa a komai. In rediyo ya ba da labari, wa ya gani? In aka ce an yi ruwa a wani gari har ya ci gidaje, wa ya gani? Haka muka yi shekaru muna hira ni da surukina ta bakin yara, hirar da a gida ko kwatarta ba mu taɓa yi ba. A gida in na hango shi durƙusawa nake yi in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri.

Da Arɗo ya ga ana yi ba shi, shi ma ya fara zuwa ranar tarihi. Sai rigimarsu ta dawo bayan zana. Arɗo ya ce saniyar kakansa ce ta fara tono danshin da ƙafa, Baba ya ce ƙarya ne, hauya ce. Ni dai sai in tsaya da alli a hannu har su gaji. Da yara suka tambayi wanne za su rubuta, Baba ya ce, "Ku rubuta tare suka gani." Sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "Amma hauya ce."

Shekarar da shanun ɗan Arɗo suka faɗa wa Baba gona, gero na tsaye, samarin gidanmu sun ɗauko sanduna. Baba ya tare ƙofa. "Jiya-jiya na gaya wa 'ya'yan mutane tare aka haƙa rijiyar nan," ya ce. "Yau in bari ku fasa kan jikan mutumin, da wane baki zan koma bayan zana?" Ya tafi rugar shi kaɗai, ya wanke Arɗo tas, ba irin tsiyar da bai yi masa ba, sannan suka raba goro.

Kada a ɗauka labarin waliyyi nake bayarwa. Baba yana da taurin kai ba kaɗan ba. Maganin likita a ƙarƙashin tabarma yake ƙarewa. Ya tsani moto, wato babur, ya ce abin da ba ya cin ciyawa ba ya hawansa. Kuma a zamaninsa, cikin 'ya'yansa mata ko ɗaya bai bari ta taka lakwal ba. Autarsa ta taɓa zuwa ganin gida, ta same shi yana yanka kara, ta ce, "Baba, ashe lakwal da daɗi? Mu me muka yi?" Ya harzuƙa, ya ce ba ta da kunya, aka yi kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwarta. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Amma ranar da za ta koma gidanta ya aika mata da ɗaurin kara a ƙulle cikin tsumma, ya ce na 'yarta ne, in an sa ta lakwal.

Boko kuwa ya ƙi koyo ƙememe. Sau ɗaya jikokinsa suka rubuta masa sunansa a ƙasa a ƙofar zaure. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Duk wahalar nan a kan ɗan wannan?" Amma ya hana kowa takawa har iska ta share shi da kanta.

Mutum ɗaya ne abin nan bai taɓa ba shi dariya ba, Yaya. Ba mugu ba ne, yana son ubansa, kuma shi yake shan maganar kasuwa: "Tsohonku aji nawa yake bana? Ya ci jarrabawa kuwa?" Ya taɓa samun Baba ya roƙe shi ya daina. Baba ya ce, "Kai ka haife ni?" Yaya ya riƙe abin a ransa, kuma ni ya riƙe da shi. Da tarin ya zo, ya ce sanyin ƙasar bayan aji ne. Wataƙila ma da gaskiyarsa. A shekarar ƙarshe a kan jaki ake kai Baba, muryarsa ta sirance, sai yara sun yi tsit suke jin sunan. Bai fasa ba har aka ba da hutun damina.

To, ga inda muka tsaya bayan rasuwa. Lokacin komawa lakwal ya yi, kara kawai ake jira a kafa rumfa, karan kuwa daga gonar Baba ake kawowa kowace shekara. Direkta ya ja ni gefe ya ce, "Madam, 'yan bana sababbi ne, ba wanda zai faɗa musu sunan nan sai ke. Ni ina da nawa ajin." Yaya kuma ya ce abu biyu ne: ko in tsaya a gaban 'ya'yan gari in kama sunan ubansa ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ko in nemo wani tsohon in tsugunar, kuma ba ɗaya da za a yi daga gidansa. Maigidana mutum ne mai gudun fitina. "Ki yi haƙuri," yake ta cewa, "a bari zuciya ta huce." Zuciyar Yaya kuwa na san ta, kafin ta huce an ba wani ajina. Na ji tsoro, na ji haushi, har na fara tunanin tattara kayana in koma Magarya.

Wurin Inna, uwar maigidana, ban sa rai da komai ba. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce marar yawan magana, tana ɗakinta cikin takaba. Shekara hamsin da wani abu tana zaune da Baba, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Shi" take cewa, ko "ubanku". Kuma kowa ya san ita ta fara yin tir da zuwansa bayan zana.

Bayan sadakar bakwai, wata safiya, ta aika a kira Yaya da maigidana da gwaggo, ta ce ni ma in zo. Na rakuɓe a bakin ƙofa.

"Kai," ta ce wa Yaya, don ɗan fari ne, shi ma ba ta kama sunansa, "na ji ka rufe lakwal."

"Ban rufe lakwal ba, Inna. Matar ƙanena na ce ta zauna gida. Tsohon nan ya ƙare rayuwarsa a tsugune a bayan zana saboda ita, ana yi da mu a kasuwa."

"Saboda ita? Ni ma haka na ce masa ranar da ya fara. Na ce ka zubar mana da girma a kan aikin yarinya. Ka san abin da ya ce mini? Ya ce kakansa ba wanda ya san kabarinsa, an nome wurin tun yana yaro. Abu biyu ya bari, rijiya da suna. Rijiya ga famfo ya zo, mutane sun fara gudunta. In sunan kuma ya ɓace don ana jin kunyarsa, to shi ya kashe shi."

Yaya ya sunkuyar da kai, amma bai sauka ba. "Na ji, Inna. To sai ta tsaya a gaban 'ya'yan mutane ta kama sunan ubana gatsal? A ce a gidanmu aka fara?"

Inna ta daɗe tana jan carbi. Ni kuwa na riga na fid da rai, ina kallon ƙasa ina tunanin yadda zan gaya wa direkta.

"A ce a gidanmu aka fara," ta ce a hankali. "To, bari a fara daga inda ya dace."

Ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta faɗi sunan mijinta. Ba ta ci ko harafi ɗaya ba.

Gwaggo ta saki salati, ta dafe ƙirji. Maigidana ya rufe fuska da hannu. Yaya ya ɗago yana kallon uwarsa baki buɗe.

"Ga shi na faɗa," in ji Inna. "Duk duniyar nan ba wadda ta fi ni haƙƙin jin kunyarsa, kuma na faɗa. Wanda zai yi magana a kasuwa, ya ce uwarku ce ta fara. Yarinyar nan bayana ta biyo." Ta juyo gare ni. "Ke, faɗi."

Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban ji shi sosai ba.

"Haka za ki koya wa 'ya'yan mutane? Ɗaga murya."

Na ɗaga. Na faɗa.

Hawaye ya zubo wa Yaya, bai share ba. "To, Inna," ya ce. Ya tashi, ya sa takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa ƙanensa, ba tare da ya dube ni ba, "Karan gonar gabas, a kai lakwal gobe, kafin shanun Arɗo su shiga."

An kafa rumfa, na koma ajina. Ranar da muka iso darasin yaro da jaki na nuna da sanda na faɗi sunan, 'yan bana suka maimaita kamar kowace kalma, ba wanda ya san an taɓa shan wahala a kanta. Wani nauyi da na yi shekara da shekaru ina ɗauke da shi ya sauka, na yi wa Allah godiya har cikin raina. A takardar nan dai ban rubuta shi ba, izinin aji aka ba ni. Wanda ke son ji ya tari kowane ɗan aji uku a hanya ya tambaye shi su wa suka kafa garin nan. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da kakan nasa a cikin rahama. Ya ba Inna haƙuri, ya ba Arɗo, ya ba mu, ya sa namu zuwan ya yi kyau.

Saura abu ɗaya daga waccan safiyar. Da kowa ya fita na tsaya kwashe kwanukan kunu. Inna ta juya fuskarta ga bango, ta ɗauka ni ma na fita. Sai na ji ta sake faɗin sunan a hankali, ta kuma sake, kamar mai ɗanɗana miya. Sannan ta ce, kuma ba da ni take ba:

"Ashe da daɗin faɗi. Da na sani, da na kira ka da shi ko sau ɗaya, ka amsa."